Shiru Ko Hayaniya, A Ina Karatu Ya Fi Zama?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku 'yan uwana matasa, abin da ya zaburar da ni yin wannan rubutu shi ne wata 'yar tattaunawa da na yi da wani ɗalibina, saurayi mai shirin rubuta jarrabawar kammala sakandare. Na lura ya ɗauki makonni bai kawo hadda ba, alhali a da yana cikin na gaba-gaba. Da na keɓe shi na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, wallahi ba lalaci ba ne. Gidanmu gidan haya ne, ga injin markaɗe a ƙofar gida, ga janareton maƙwabta da dare. Ni kuwa na ji an ce karatu ba ya shiga sai a wuri shiru. Jira nake yayana ya koma makaranta in gaji shagonsa." Ban gama juyayin wannan ba sai ga wani tsohon ɗalibina da ke jami'a yana faɗa mini cewa shi yanzu ba ya iya buɗe littafi sai ya toshe kunnuwansa da waƙa, domin ya karanta a intanet cewa hayaniya na buɗe ƙwaƙwalwa.

Dukansu biyun, a ganina, sun yi kuskure, kuma kuskuren nasu daga tushe ɗaya ya fito. Kowannensu ya ɗauka karatu abu ɗaya ne, sauti ma abu ɗaya ne, saboda haka tilas amsar ta zama ɗaya. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne: karatu iri-iri ne, sauti ma iri-iri ne, kuma ɗalibin da ya san wane sauti ne ke yaƙar wane irin karatu zai iya gina wa kansa wurin karatu ko a tsakiyar gidan haya yake. Wanda bai san haka ba zai ƙare a zaman jiran gawon shanu, shekaru na wucewa.

Bari mu soma da abin da yake gaskiya a cikin maganar ɗalibina na farko, domin tana da gaskiya. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Raɗa tana kai wajen 30, hira ta yau da kullum wajen 60, titi mai cunkoson ababen hawa kuwa yakan kai 80 zuwa 85. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 1999, ta ba da shawarar kada sautin da ke shigowa aji lokacin darasi ya wuce 35. Kowa ya san azuzuwanmu ya san nisan da ke tsakaninmu da wannan adadi.

Kuma illar ba ta tsaya ga ciwon kai ba. A 1975 wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Arline Bronzaft tare da abokin aikinta sun yi nazarin wata makarantar firamare a birnin Niyok na Amurka, wadda layin dogo ya ratsa ta gefenta, jirgin ƙasa na wucewa kusan kowane minti huɗu da rabi. Sun tarar cewa 'yan aji shida da ke ɓangaren layin dogon sun kasance a bayan takwarorinsu na ɗaya ɓangaren da kusan shekara guda a iya karatu, alhali makaranta ɗaya ce kuma unguwa ɗaya. Bayan an sanya roba a layin dogon an kuma gyara rufin azuzuwan don rage ƙarar, sai ta sake aunawa, sakamakon da ta wallafa a 1981 ya nuna tazarar ta gushe. Haka nan a 2005 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani babban bincike a kan yara fiye da 2,800 da ke makarantu kusa da filayen jiragen sama na Landan da Amsterdam da Madrid, aka ga cewa gwargwadon ƙaruwar ƙarar jirage, gwargwadon raguwar fahimtar abin da yaran suka karanta. Saboda haka duk wanda ya ce hayaniya ba ta komai, sabo ne kawai, to bai yi wa yaranmu adalci ba. Kunne yakan saba, amma karatun yana ci gaba da biyan diyya.

To amma a nan ne tambaya mai wuya take. Idan hayaniya ita ce abokiyar gabar ilimi ba tare da wani bambanci ba, ta yaya tsangayoyin ƙasar Hausa da Borno suka yi ƙarnuka suna yaye mahaddata? Duk wanda ya taɓa wucewa ta makarantar allo da hantsi, ko ya ga almajirai kewaye da wuta da dare, ya san ba wurin shiru ba ne. Yara hamsin ne ko ɗari, kowa da allonsa, kowa da inda yake, kowa ya buɗe murya. Duk da haka daga cikin wannan gunji ake samun gardi ya zama alaramma, alaramma ya zama gwani mai rubuta Alƙur'ani da ka tun daga farko har ƙarshe. Shin sun yi nasara ne duk da hayaniyar, ko kuwa akwai wani abu a cikin tsarin da ba mu lura da shi ba?

Akwai abubuwa biyu. Na farko, almajirin ba sauraron hayaniya yake yi ba, shi ma karantawa yake da baki. A 2010 Colin MacLeod da abokan aikinsa a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun nuna cewa kalmomin da mutum ya furta a bayyane sun fi zama a ƙwaƙwalwarsa fiye da waɗanda ya karanta a zuci, saboda ido ya gani, harshe ya motsa, kunne kuma ya ji. Malamanmu sun riga sun gane wannan ta hanyar gogewa. Imam Zarnuji, wanda ya rayu wajen ƙarni na 6 zuwa na 7 na Hijira, a littafinsa Ta'alimul Muta'allim da har yau ake karantawa a zaurukanmu, ya yi wa ɗalibi nasiha kada ya saba da maimaita darasi a ɓoye cikin sanyin jiki, kuma kada ya ɗaga murya har ya gajiyar da kansa ya kasa ci gaba, ya dai tsaya tsaka-tsaki.

Na biyu, ba kowane sauti ne ke satar hankali daidai da wani ba. Tun daga 1976, da binciken Colle da Welsh, sannan na Salamé da Baddeley a 1982, masana suka tabbatar cewa maganar mutum da ke tashi a gefe tana rushe ikon riƙe jerin abubuwa a ka, ko da an umarci mai karatun ya yi watsi da ita, kai ko da da yaren da ba ya ji ake yin ta. Sautin da ba ya canzawa kuwa, kamar na fanka ko na ruwan sama a kan kwano, illarsa kaɗan ce ƙwarai. Sai kuma a 1995 Jones da Macken suka gano wani abu mai ban sha'awa: idan muryoyin suka yi yawa har suka cakuɗe suka zama gunji ɗaya, illar tana raguwa. Ma'ana, mutum ɗaya da ke ba da labari a bayanka ya fi cutar da karatunka fiye da taron da ba ka iya tsintar kalma ɗaya daga bakinsa. Gunjin tsangaya ya fi kusa da sautin ruwan sama fiye da hirar majalisa.

Wannan ya kai mu ga ainihin ɓarawon, wato magana mai ma'ana. Allah Ya halicci kunne ba shi da murfi kamar ido, kuma ƙwaƙwalwa tana tace duk abin da ya shigo ko ba ka ba ta izini ba. A 1959 Neville Moray ya gwada mutane yana sa su bi maganar da ke shiga kunne ɗaya su ƙyale ta ɗaya kunnen, amma da aka ambaci sunansu a kunnen da suka ƙyale, kusan kashi ɗaya cikin uku sun ji. Har ma an samu wani bincike a Jami'ar Cornell a 2010 da ya nuna cewa jin rabin hira, irin ta mai amsa waya a kusa da kai, ya fi raba hankali fiye da jin hirar mutum biyu cikakkiya, domin ƙwaƙwalwa tana wahalar da kanta wajen cike gurbin da ba ta ji ba. Saboda haka, ɗan uwa, janareton maƙwabta da kake tsine wa yana da laifinsa, amma bai kai laifin talabijin ɗin falo ba, bai kai na rediyon da ke karanta labarai ba, bai kuma kai na abokin ɗakinka mai hirar waya ba.

Da wannan ma'auni za mu auna maganar ɗalibina na jami'a. Binciken da irin su suke dogaro da shi gaskiya ne an yi shi. A 2012 Ravi Mehta da abokan aikinsa sun ba da rahoton cewa matsakaicin sauti na wajen desibel 70, irin na gidan shan shayi, ya taimaka wa mutane a ayyukan ƙirƙira fiye da sauti mai rauni na 50, yayin da 85 ya lalata aikin. Amma a lura da kyau: aikin ƙirƙiro sababbin dabaru aka auna, ba haddar Ajurumiyya ba, ba warware lissafi ba, ba kuma fahimtar babin gado ba. Sannan gunji ne aka kunna musu, ba waƙa mai baitoci ba. Waƙa magana ce da aka yi wa ado don ta kama zuciya, kuma gwaje-gwajen Nick Perham a Birtaniya sun nuna cewa waƙa mai kalmomi tana rage fahimtar abin da ake karantawa, ko mai karatun yana son waƙar ko ba ya so. Abin da saurayin nan yake ji shi ne daɗin zama, sai ya ɗauka shigar karatu ce. Alhali jin daɗin zama daban, abin da ya rage a ka ranar jarrabawa daban.

Kada kuma wani ya fahimce ni da cewa ina kare kowace hayaniya da ke makarantunmu na addini. Gunjin da ya dace da maimaita allo bai dace da darasin fiƙihu ko nahawu ba, inda ake bukatar ɗalibi ya ji kowace kalma ta malami ya kuma yi tunani a kanta. Mu malaman Islamiyya muna da laifi a nan. Sau da yawa mukan jera aji uku a rumfa ɗaya ba shamaki, wannan na rera hadda, wancan na bayanin farillan alwala, sannan mu ɗora wa yaro laifin rashin fahimta. Ita kanta tsangaya ta fi mu sanin wannan, domin gardin da karatunsa ya yi nisa yakan fice daga cikin yara ya tafi kiskadi a bayan gari, inda zai keɓe da allonsa da tilawarsa. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Magabata ma sun rarrabe. Alkhaɗibul Bagdadi, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, da Ibnu Jama'a, wanda ya rasu a 733, sun yi magana a kan lokuta da wuraren da suka fi dacewa da ɗalibi. Sun fifita lokacin sahur domin hadda, suka yaba wa ɗakunan bene da duk wurin da ya nisanci abin shagaltarwa, suka kuma hana yin hadda a bakin hanya da wurin hayaniya, har ma da bakin kogi da wurin korayen tsirrai. Wannan na ƙarshe ya daɗe yana ba ni mamaki, domin mu a yau lambu muke ɗauka wurin karatu na musamman. Amma dalilinsu a fili yake: abin da ke janye ido yana janye zuciya kamar yadda abin da ke janye kunne yake yi. Idan kogi da ganye sun isa su shagaltar da ɗalibin Bagadaza, ina ga wayar salula, wadda aka ƙera manhajojinta musamman don su riƙa kiran ka? Da yawa daga cikinmu mukan samu ɗaki shiru tsit, sannan mu shigo da kasuwa guda a aljihu.

To yanzu me zan ce wa mai zama a gidan haya? Ga abin da na faɗa wa ɗalibina, kuma shi nake faɗa muku.

Na farko, wanda ya rasa wuri to ya nemi lokaci. Gidan da ya fi kowane hayaniya yana yin shiru tsakanin ƙarfe huɗu na dare da fitowar rana. Injin markaɗe bai tashi ba, yara na barci, an kashe mafi yawan janareto. Sa'a ɗaya a wannan lokaci ta fi sa'a uku bayan la'asar. Sharaɗinta ɗaya ne, a kwanta da wuri, domin barci yana cikin abin da ke tabbatar da karatu a ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya raba dare a kan waya ba shi da rabo a asuba.

Na biyu, ka raba karatunka gida biyu. Abin da ke bukatar fahimta, kamar lissafi, kimiyya, nahawu da sabon babi, ka ajiye masa lokacinka mafi shiru. Abin da ke bukatar maimaici, kamar tilawa, haddar matani da bitar abin da ka riga ka gane, ka kai shi lokacin hayaniya, ka karanta da murya matsakaiciya yadda muryarka za ta rufe ta wasu.

Na uku, idan ba za ka iya kashe magana ba, to ka rufe ta. Fanka mai juyawa, ko sautin ruwan sama a kunne can ƙasa-ƙasa, ko abin toshe kunne na soso, duk suna dusashe kalmomin da ke tashi a tsakar gida. Amma ka kiyayi ƙure sauti a kunnenka, domin daɗewa a cikin ƙarar da ta kai desibel 85 yana lalata ji a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Haka nan kada neman haske ya sa ka matso da janareto ɗaki ko baranda a rufe. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha kashe iyalai suna barci.

Na huɗu, kada ka ɗaure kanka da wuri ɗaya. Masallacin unguwa tsakanin azahar da la'asar, ajin firamare bayan an tashi, zauren wani dattijo, laburaren gari idan akwai, duk wuraren karatu ne ga mai nema. Kuma sauya wuri ba aibi ba ne. Binciken Smith da Glenberg da Bjork na 1978 ya nuna cewa waɗanda suka bita abu ɗaya a ɗakuna biyu daban sun fi tuna shi fiye da waɗanda suka maimaita shi a ɗaki ɗaya. 'Yan uwa mata, waɗanda fita ba ta yi musu sauƙi kamar maza, su ne suka fi cancantar a ware musu lokaci da lungu a cikin gida, a kuma ɗauke musu aike na ɗan wannan lokaci.

Na biyar, ka gwada kanka, kada ka yi taƙlidi. Mutane sun bambanta, wani ya fi wani jure sauti. Ka karanta shafi biyu a wuri shiru, biyu a wurin gunji, washegari ka rufe littafin ka rubuta abin da ka tuna daga kowanne. Gani ya kori ji. Sannan idan jarrabawa ta matso, ka riƙa amsa tsofaffin tambayoyi a zaune cikin shiru da agogo a gabanka, domin ranar WAEC ko NECO ko JAMB ba za a bar ka ka ɗaga murya ba, ba kuma za a kunna maka waƙa ba.

Akwai kuma magana da ba ta ɗalibi ba ce, ta sauranmu ce. Shirun da yaro ke bukata ba ya cikin hannunsa shi kaɗai. Uban da ya biya kuɗin jarrabawa da gumin goshinsa, sannan ya bar talabijin na aiki har sha biyun dare a ɗakin da ɗansa ke karatu, ya bayar da hannun dama ya karɓe da na hagu. Mai bikin da ya tare titi da lasifika har tsakar dare, da mai gidan kallon ƙwallo da ya juyo da ƙarar cikin unguwa, suna cin haƙƙin maƙwabta. Kuma sai na faɗi wadda ta shafe mu: mu ma masu wa'azi da tarukan addini, idan mahalarta ba su wuce cikin masallaci ba, babu dalilin juya lasifika waje har dare ya raba, alhali a bayan katangar akwai marar lafiya, da jariri, da mai jarrabawa gobe. Kyawun abin da ake faɗa ba ya halatta cutar da wanda bai zo sauraro ba. Nijeriya tana da ƙa'idojin hana yawan ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma Musulmi bai kamata ya jira hukuma ta koya masa haƙƙin maƙwabtaka ba.

Shi kuwa ɗalibin nawa, bai gaji shagon yayansa ba har yanzu. Abin da ya yi shi ne ya mayar da sabon karatu bayan sallar asuba a masallacin layinsu, tilawa kuma bayan la'asar a ƙofar gida, injin markaɗe na ta aikinsa shi ma yana nasa. Haddarsa ta dawo, ko da yake har yau yana ƙorafin janareto, kuma ban ga laifinsa ba.

Ina roƙon Allah Ya buɗe mana ƙirazanmu, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu zama maƙwabtan da ba a kuka da su. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini. Wanda yake da wata dabara da ta amfane shi, kada ya yi rowarta ga ƙannensa.